Tsoron Jirgi, Ƙwayar Kwantar da Hankali, da Yara a Hannu

A ɗauki mace mai yara biyu, ɗaya a goye, ɗaya bai cika shekara biyar ba. Maigida yana aiki a wani asibiti a Ingila, bizar iyali ta fito, an sayi tikiti: Kano zuwa Alƙahira, a yada zango na wasu sa'o'i, sannan a wuce Landan. Babu mai rakiya. Ita kuwa ko hirar jirgi aka yi a gabanta sai tafin hannunta ya jiƙe. Wata ƙawa ta ba ta shawarar ta nemi diazepam ta haɗiya kafin a shiga, sai dai ta farka ta ga an sauka. Ta sha ko kada ta sha? Tambayar ba ta mata kaɗai ba ce. Akwai mazan da ke kai yara asibiti Masar ko Indiya su kaɗai, gabansu na dukan uku-uku, kunya ce kawai ta hana su faɗa. Amma da yake galibi uwa ce ke samun kanta a wannan hali, da ita za mu yi misali.

Kafin a shiga gardama, a fara cire raini. Mutanen Arewa ba haka kawai suke tsoron jirgi ba. Akwai masu tuna ranar 4 ga Mayun 2002, da jirgin EAS ya tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano ya rikito a kan gidajen Gwammaja, mutum sama da 100 suka rasu, wasunsu suna zaune a ɗakunansu. Akwai jirgin ADC da ya faɗi jim kaɗan da tashi daga Abuja ranar 29 ga Oktoban 2006, wanda a cikinsa aka rasa Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido. Kafin su akwai jirgin alhazan da ya kama da wuta bayan tashi daga Jidda a Yulin 1991, mutum 261 babu wanda ya fita. Wanda ya tashi da irin waɗannan labarai a gida, ba a yi masa dariya don gabansa ya faɗi idan an rufe ƙofar jirgi.

Masu lissafi suna da amsa. Arnold Barnett na jami'ar MIT da ke Amurka ya nuna cewa daga 2018 zuwa 2022, a duniya baki ɗaya, fasinja ɗaya ne ya rasu cikin kowane miliyan 13.7 da suka hau jirgi. A titunan Najeriya kuwa, hukumar kiyaye haɗurra tana ƙirga gawa sama da 5,000 a shekara. Wato motar da za ta kai ta filin jirgi ta fi jirgin haɗari. Ta san wannan, maigida ya faɗa mata a waya ya fi a ƙirga. Jikinta ne ba ya jin lissafi, kuma daga nan masu goyon bayan ƙwaya suke farawa.

Cewa suke: ku da ba ku taɓa ɗanɗana firgicin nan ba, ba ku san abin da kuke cewa a daure masa ba. Zuciya ta dinga dukan ƙirji, numfashi ya sarƙe, yatsu su mutu, jiri ya ɗebi mutum, ya sakankance ajali ne ya zo. Uwar da ta ƙanƙame hannun kujera tana hawaye, ita ma ai ba cikin hayyacinta take ba. Me ya sa ake tsoron wadda magani ya sanyaya wa jiki, ba a tsoron wadda firgici ya ɗaure? Ga kuma yaro. Ɗan shekara huɗu bai san inji ba, fuskar uwarsa yake kallo ya gane ko lafiya. Idan ya ga tana karkarwa duk sanda jirgi ya girgiza, ta gadar masa da tsoron da zai iya ɗauka har girmansa. Wannan hujja ce mai nauyi, kuma ban ga wanda ya rushe ta gaba ɗaya ba.

Suna ƙarawa da cewa ba kowane shan magani ne maye ba. Akwai tazara tsakanin ƙaramar ƙwayar da likita ya auna wa mutum da abin da matasa ke watsawa a bakin kwalbati. Likitoci da dama, musamman a Amurka, suna rubuta lorazepam ko alprazolam ƙwaya ɗaya ko biyu saboda tafiya, mutane su sha, su je su dawo lafiya. Diazepam kansa tun 1963 yake kasuwa, an san halinsa ciki da waje. Suna kuma da wata magana mai kaifi: idan aka hana uwa magani don kada jirgi ya yi haɗari tana cikin kasala, ai an koma lissafi irin na mai tsoron ke nan, an gina hukunci a kan abin da ke faruwa sau ɗaya cikin miliyoyi. A jiragen dare, iyaye nawa ne ke sharar barci da yara a gefensu, wa ya taɓa tuhumarsu?

Sai tambayar da ta fi shafar mu: ina madadin? British Airways da easyJet suna da kwas na musamman ga masu tsoron jirgi, matuƙa su yi bayanin kowace ƙara da kowace girgiza, daga ƙarshe a ɗan zaga da mutane sama. A Ingila ke nan. A Najeriya likitocin ƙwaƙwalwa 'yan ɗaruruwa ne ga mutum sama da miliyan 200, asibitocin tarayya na Kaduna da Kware da Maiduguri suna fama da masu larurar da ta fi wannan, kuma macen da aka gani ta shiga can sai an yi da ita a unguwa. Biza kuwa da wa'adinta. A ce mata ta je ta yi watanni ana koya mata fuskantar tsoro alhali saura mako biyu tafiya, shawara ce ta wanda ba shi zai hau jirgin ba.

To, a juya ɗaya gefen.

Masu cewa kada a sha daga aikin maganin suke farawa. Diazepam da lorazepam da alprazolam 'yan gida ɗaya ne, ana kiransu benzodiazepine. Abin da suke yi shi ne ƙara wa wani sinadarin ƙwaƙwalwa mai suna GABA ƙarfi, shi kuwa sinadarin birki ne, yana rage gudun saƙo tsakanin jijiyoyi. Birkin ba ya zaɓen tsoro shi kaɗai. Abin da ya rage faɗuwar gaba shi ne ya rage saurin hannu, da daidaiton tafiya, da kaifin tunani, da riƙe abin da aka ji yanzun nan. Mafi muni, mai shan sau da yawa ba ta jin raguwar, ji take ta dawo daidai. Shi ya sa ake rubutawa a takardar maganin kada a tuƙa mota. Ga shi kuma iskar cikin jirgi ba irin ta ƙasa ba ce: daidai take da ta tudun ƙafa 6,000 zuwa 8,000, kusan tsayin birnin Addis Ababa. Oksijin na jini yakan ɗan ragu, maganin da ke sa barci kuma yana sassauta numfashi a kan wannan ragin.

Sai batun lokaci, wanda a ganina shi ne ya raba gardamar. Firgici, komai tsananinsa, yakan kai ƙololuwa cikin kamar minti 10, sannan ya fara lafawa. Yana iya dawowa, amma tsakanin zuwa da zuwa uwa tana nan da hankalinta, kuma ko a tsakiyarsa idan jaririnta ya shaƙe za ta zabura, don tsoro farkar da jiki yake yi. Ƙwaya ba ta ba da wannan hutu. Diazepam idan aka sha, bayan kwana ɗaya zuwa biyu rabinsa yana nan a jini, abin da hanta ke mayar da shi kuma ya fi haka daɗewa. Alprazolam da ake ganin mai saurin fita ne, sai an yi kamar sa'a 11 kafin rabinsa ya tafi. Wato don gudun mintocin tashi da na sauka da na gargada, an ɗauko kasalar yini guda. Mai tafiya ita kaɗai tana iya ɗaukar wannan, ta jingina da taga ta yi barcinta. Mai yara ba ta da wanda za ta miƙa wa aiki.

Ba zan daɗe a kan haɗari ba, tunda na yarda da wuya yake faruwa, amma a san abin da ake nema daga uwa idan ya faru. Idan iskar jirgi ta zurare a tsayin ƙafa 35,000, daƙiƙa 30 zuwa 60 mutum yake da su kafin hankalinsa ya gushe. A cikinsu za ta janyo takunkumin oksijin ta sa wa kanta, sannan ta sa wa yara biyu masu kuka da fizge-fizge. Ba a ba babban jirgin fasinja izinin aiki sai an nuna za a iya kwashe kowa cikin daƙiƙa 90 ta rabin ƙofofinsa. Ranar 2 ga Janairun 2024 jirgin Japan Airlines ya yi karo da wani ƙaramin jirgi a filin Haneda na Tokyo ya kama da wuta. Lasifikar cikinsa ta mutu, ƙofofi uku kawai cikin takwas aka iya bi, amma mutum 379 duk suka fita da rai, har da ƙananan yara. Sun fita ne don sun ji umarnin da ma'aikata ke ɗaga murya suna bayarwa cikin hayaƙi, sun kuma bi nan take. Amsar maganar barcin dare ke nan: mai barcin gajiya ana taɓa ta ta farka garau, mai barcin ƙwaya takan farka rabi da rabi.

Amma ni ba wutar Haneda ce ta fi damuna ba. Ƙananan abubuwan da ke faruwa a kowace tafiya su ne. Kofin shayi mai zafi a kan tire, jariri ya miƙa hannu. Yaro ya kwance bel ɗinsa ya sulale tsakanin kujeru daidai lokacin da aka kunna fitilar gargada. Kai yaro bayi a wuri mai ƙunci, jirgi na rawa, jariri a kafaɗa. Sannan zango: sa'a huɗu ko biyar a filin jirgin Alƙahira ko Addis Ababa ko Istanbul cikin dubban mutane, fasfo uku a hannu, a canza ƙofar shiga a sanar cikin harshen da ba ta ji sosai, ɗan shekara huɗu ya hango wani abu ya ruga. Waɗannan magunguna an san su da sa mantuwar abin da ya faru bayan an sha: mutum ya yi magana, ya sa hannu a takarda, ya ajiye jaka, gobe ya kasa tunawa. Sai jami'in shige da fice a ƙarshen hanya, wanda yana daga aikinsa ya lura da babba mai tafe da yara, yana tambayar adireshi da takardar haihuwa, ita kuwa harshe ya yi nauyi. Kamfanin jirgi ma yana da ikon hana wanda aka ga alamar maye a jikinsa shiga. Kuma kada a dogara da ma'aikatan jirgi, ba reno aka ɗauke su ba. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce ma'aikaci ɗaya ga kujera 50.

Akwai kuma abin da ba a iya hasashe. Wasu ƙalilan maimakon maganin ya kwantar da su sai ya tayar musu da zafin kai da faɗa. Wata ta sha ɗaya, minti 20 ta ji shiru, ta ƙara ta biyu, su haɗu su yi mata rubdugu bayan an tashi. Idan maganin ya gamu da tiramadol ko maganin tari mai kodin a jiki, numfashi na iya tsayawa. Hukumar magunguna ta Amurka ta sa gargaɗinta mafi tsanani a kan wannan haɗi tun 2016. Diazepam yana bi ta nono, ya sa jariri kasala da ƙin tsotso. Barci mai nauyi a kujera ba motsi yana taimaka wa daskarewar jini a jijiyar ƙafa, haɗarin da binciken Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna yana ninkawa idan tafiya ta wuce sa'a 4, wadda ba ta daɗe da haihuwa ba kuwa ta fi kusa da shi. Irin waɗannan dalilai ne suka sa asibitocin likitocin iyali da yawa a Ingila suka sanar cewa sun daina rubuta diazepam saboda tsoron jirgi.

Hujjar da masu goyon bayan ƙwaya suka fi rasa amsarta daga jami'ar Stanford ta fito, a 1997. Frank Wilhelm da Walton Roth sun ɗauki mata 28 masu tsoron jirgi suka raba su gida biyu. Rabi aka ba su miligiram 1 na alprazolam, rabi aka ba su ƙwayar da ba komai a cikinta, babu wadda ta san abin da ta sha. A tashin farko, waɗanda suka sha na gaske sun ce tsoronsu da sauƙi, amma na'urar da aka ɗaura musu ta nuna zuciyarsu ta fi ta sauran gudu, bugu 114 a minti, sauran 105. Bayan mako guda aka sake tashi ba tare da magani ba. Cikin waɗanda suka sha a karon farko, kashi 71 cikin ɗari suka faɗa firgici, alhali a wancan karon kashi 7 ne. Waɗanda suka yi tashin farko ido biyu kuwa, tsoronsu raguwa ya yi. Bincike ne ƙarami, mata 28 ba duniya ba ce, amma ya dace da abin da masu warkar da tsoro suka daɗe da sani: ƙwaƙwalwa tana sakin tsoro ne idan ta shiga abin, ta ji zafinsa, ta fito lafiya tana sane. Wadda ta sauka da taimakon ƙwaya, ƙwayar take gode wa. Uwar da iyalinta suka koma wata ƙasa kuwa ba sau ɗaya za ta hau jirgi ba. Akwai biki, akwai rasuwa, akwai hutun yara.

A wurinmu akwai ƙarin matsala. Duk hujjar masu goyon baya a kan likita ta jingina: shi ya auna, shi ya tambayi tarihin lafiya. Mu kuwa sau da yawa ba daga hannunsa ƙwayar ke zuwa ba, daga kemis ɗin bakin layi take ko daga jakar ƙawa, an yanko ta daga katin magani babu kwali. Ba a san ƙarfinta ba, wani lokaci ba a ma san ko ita ce ba. Ƙwayar da ba takarda a jakar hannu kuma tana iya zama fitina a kwastam. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa tana son matafiyi ya nemi izini tun kafin ya taso idan zai shiga da irin waɗannan magunguna, Saudiyya tana neman takardar likita, kuma duk mai zuwa Umara ya san ba sa wasa a kan ƙwaya. Idan an tsare uwa ana bincike, yaran fa?

Tunda an zo nan: wasu iyaye suna juya dabarar, su bar kansu su ɗura wa yara maganin mura mai sa barci don a samu shiru. Promethazine, wanda aka fi sani da Phenergan, an hana ba yaron da bai kai shekara 2 ba saboda ya taɓa tsayar da numfashin jarirai har lahira. Irinsu Piriton kuwa, wani yaron maimakon barci sai ya birkice ya hana kowa sakat. Wannan ba shi da gefe biyu.

Masu goyon bayan magani sun yi gaskiya a wuri biyu: tsoron ciwo ne na gaske, kuma "ki daure" ba magani ba ne. Inda suka kauce shi ne ɗaukar cewa zaɓi biyu ne kawai, ƙwaya ko azaba. Ni a ganina, babba ɗaya tilo da yaran da ba za su iya sa wa kansu takunkumi ko nemo ƙofa su kaɗai ba, kada ta sha abin da zai rage mata hankali, ko kaɗan ne. Idan tsoron ya kai matsayin da ba za ta iya shiga jirgi ba sai da shi, to tafiyar babba na biyu take buƙata. Maigida ya ɗauki hutu ya zo ya tafi da iyalinsa, ko a haɗa ranar da ta wata 'yar'uwa mai bin hanyar, kamar yadda masu Umara ke tafiya ayari. Tikiti da tsada, na sani. Amma a lissafa shi cikin kuɗin tafiya tun farko, tare da na biza, kada a bar nauyin a wuyan mace da ƙwayar kemis. Idan akwai babba na biyu a farke, yawancin abin da na jero ya faɗi, magana ta koma tsakaninta da likitanta.

Mafi yawan masu tsoro ba su kai can ba, kuma akwai abin da ke rage musu ba tare da an taɓa hankali ba. Jirgin da ba ya yada zango ya rage tashi ɗaya da sauka ɗaya. Kujera a saitin fiffike ta fi ta baya sauƙin girgiza. A bar kofi da shayi mai kauri ranar. Ta gaya wa ma'aikaciyar jirgi tun a bakin ƙofa cewa tana da tsoro kuma ita kaɗai ce da yara. Sun saba ji, sukan leƙo. Numfashi a hankali, fitarwa ta fi shaƙa tsawo, yana rage gudun zuciya da gaske, wadda ta saba da carbi kuwa tana da abin ƙirga shi a hannunta, addu'ar tafiya kuma ba ta kawo kasala. Sanin cewa ƙarar da ake ji bayan tashi tayoyi ne ke shigewa, kuma sassaucin kukan inji da ke biyo baya da gangan aka yi shi, yana rage zullumi. Akwai propranolol, maganin hawan jini da ke rage bugun zuciya da rawar hannu ba tare da kasalar irin su diazepam ba. Ba ya cire tunanin tsoro, bai dace da mai asma ba, likita ne zai ce e ko a'a. Yaran kansu ma sukan taimaka: mai canza famfas da rarrashi da laluben takalmin da ya faɗa ƙarƙashin kujera ba ta da lokacin sauraren inji.

Na bar ƙofa ɗaya a buɗe, ƙarama. Idan yaran sun yi wayo, sun kai shekara goma sha, suna iya ɗaura bel da riƙe fasfo da kiran ma'aikaci, jirgin kuma kai tsaye ne, akwai mai tarba a bakin fita, ba ita za ta tuƙa mota ba, to ƙaramin ma'auni na magani mai saurin fita abu ne da za a iya tattaunawa. Da sharaɗi: likita ne ya rubuta, a kwalinsa yake da takardarsa, kuma an gwada shi a gida kwanaki kafin tafiya da wani babba a kusa, a ga yadda jiki zai karɓe shi, don ba a fafe gora ranar tafiya. Sannan a gaya wa likitan komai. Wanda aka ce wa "ina tsoron jirgi" kawai, matafiyiya mai jakar hannu ɗaya zai rubuta wa magani. Sai an ce masa ita kaɗai ce babba, yara nawa ne da shekarunsu, tana shayarwa ko tana da ciki, wane magani take sha, sa'a nawa za a yi a zango, wace ƙasa za a sauka. Likitan da ya ji wannan jerin da wuya ya fara da biro, zai fara ne da tambayar wa zai raka ta.